Yadda na haɗa masarar rani da kayan ganye a fadamar Dadin Kowa

Duk wanda ya taɓa noman masara da rani a bakin kogin Gongola ya san halinta a watan Disamba. Ka shuka, ta tsiro lafiya lau, sai hunturu ya sauko ta tsaya cak. Ka je gona yau, ka koma bayan mako guda, ka rantse ba ta motsa ba. Masara ba ta girma in sanyi ya yi ƙasa da digiri 10, kuma ko bai kai can ba, daren hunturu yana rage mata sauri ƙwarai. Shi kuwa injin ban ruwa babu ruwansa. Man da zai sha ya jiƙa gonar da masara ta rufe, shi zai sha ya jiƙa wadda masararta ba ta wuce idon sawu ba. Kusan wata ɗaya da rabi kana shayar da ƙasa tsirara tsakanin layi da layi, ba mai morar ruwan sai ciyawa.

Da can ba mu damu ba. Amma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya har ta wuce 1,000, wannan lissafi ya fara hana ni barci. Gonar tawa ba wata babba ba ce, kwatan hekta ce a ƙasa da madatsar ruwan Dadin Kowa, cikin ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba ta jihar Gombe. Kanal bai iso wajenmu ba, daga kogi nake ja da inji mai inci uku da mesa. Masarar rani kuwa sai ta yi wata uku da ɗoriya kafin ta ba ka sisi. Cikin watannin nan mai na aljihunka ne, taki na aljihunka ne, kuɗin 'yan ƙwadago ma haka. In aljihun ya ƙare sai ka ci bashin dillali, shi kuma ya zo ya ɗauke masarar a farashin da ya ga dama.

Wani malamin gona da ya yi karatu a Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya da ke nan Dadin Kowa shi ya fara kawo min maganar. Na yi masa kukan mai, ya dubi gonar ya ce, "Ai ba mai ne ya yi maka yawa ba, amfanin da ke shan ruwan ne ya yi kaɗan." Ya ce a jihar Bihar ta Indiya da ƙasar Bangladesh, inda ake noman masara sosai a lokacin sanyi, manoma kan sa dankalin Turawa ko jan alayyahu ko wasu kayan lambu masu saurin nuna a tsakanin layuka, su kwashe kafin masara ta rufe. Dankalin Turawa dai ba namu ba ne, na mutanen Jos ne. Amma alayyahu da latas da albasa mai lawashi kam muna da su, muna da kasuwarsu.

Da na kai wa Baffana maganar, wanda shi ya ba ni gonar, sai ya yi dariya.

"Yanzu sai an je Indiya za a koya mana haɗa shuka? Giccin gero da wake da muke yi da damina mene ne? Masarar da muke jerawa a gefen fangalin albasa fa?"

Na ce, "Gaskiya ne, Baffa. Amma can albasa ce mai gona, masara tana gefe. Nan masara ce mai gona."

Ya ce, "To ka sani, ɗana, masara ba ta son kishiya."

Na riƙe maganar nan, don gaskiya ce, sai dai da sauranta. Masara ba ta son kishiyar da za ta daɗe. Wadda za ta shigo tana barci ta fita kafin ta farka, ba ta ma san an yi ba. Duk abin da na yi a gonar bayan haka, ƙoƙarin daidaita wannan lokaci ne.

Daga ƙarshe na faro lissafin, na dawo baya. Abin da ke kashe masarar rani a wajenmu zafin Maris da Afrilu ne, lokacin da rana ke kaiwa digiri 40. In furen da ke kanta ya buɗe cikin wannan zafi, garinsa yakan mutu kafin ya sauka kan gemu, sai ka ɓare goyo ka tarar da totuwa mai giɓi, ƙwaya nan ƙwaya can. Don haka dole ta yi fure kafin Fabrairu ya yi nisa. Na zaɓi iri mai saurin nuna daga cikin jerin SAMMAZ na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, irin da ake cewa ɗan kwana 90 ne zuwa 95. Wannan kwanakin damina ne. Da sanyi sai ka ƙara masa mako biyu ko fiye. Lissafi ya tsaya kan tsakiyar Nuwamba. Ya kuma yi daidai da wani abu: latas ɗin da aka dasa a lokacin zai isa yanka a ƙarshen Disamba, daidai da Kirsimeti da sabuwar shekara da bukukuwan aure, lokacin da kowane gida da kowace mai abincin sayarwa a Gombe ke neman kayan salak.

Saboda haka aikin bai fara da masara ba, da reno ya fara. Tun tsakiyar Oktoba na gyara ɗan fili kusa da ruwa, na watsa irin latas, na rufe da busasshiyar ciyawa har ya tsiro. Yakan so mako uku zuwa huɗu kafin ya isa dashe. Albasa ta fi shi jinkiri, renonta kan kai mako shida, don haka ban wahalar da kaina ba, na sayi 'ya'yan dashe wajen masu reno a garin Kwadon. Kabeji ma na rena kaɗan, don in gwada a layi guda in gani da idona.

Tsarin layi shi ne abin da maƙwabta suka fi tsayawa kallo. Yadda aka saba, ana ba da santimita 75 tsakanin layi da layi, 25 tsakanin rami da rami, tsiro ɗaya a rami, abin da ke ba da tsiro wajen 53,000 a hekta. Santimita 75 ba ta isa a yi fangalin kirki, kuma masara kan rufe ta da wuri. Sai malamin ya nuna min yadda ake tagwaita layi: a matso da layi biyu kusa da juna, tazarar santimita 50, sannan a bar fili mai faɗin mita ɗaya, a sake jera wasu biyun. In ka haɗa 50 da 100 ka raba biyu, 75 ɗin nan ce dai. Wato ko tsiro ɗaya na masara ban rage ba, matsar da su kawai na yi, na sami lungu mai faɗi da rana ke shiga. Na yanke kara biyu, ɗaya tsawon kamu guda, ɗaya rabinsa, na ba yaran da ke shuka tare da igiya. Ba don igiyar ba da layin ya karkace, don hannun da ya saba da tsohon tsari can yake komawa. Irin masara kilo biyar ya ishe ni.

Kafin nan an yi kaftu, an farfasa hoge, na zuba takin shanu da ya ruɓe sosai a lungunan da ganye zai zauna. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwar dashe, kuma ba abin da za ka zuba a gindin ganyen da mutane za su ci ɗanye ba ne. Kowane lungu muka datsa shi fangali-fangali, kamar taku huɗu-huɗu, don ruwa ya kwanta daidai.

Akwai abu guda da mai niyyar wannan haɗi zai haƙura da shi tun farko: maganin ciyawar masara. Yawancinmu mun saba da fesa atirazin bayan shuka mu huta da noman firi. Atirazin ba ya taɓa masara, amma yana kashe mai faɗin ganye, kuma alayyahu da latas masu faɗin ganye ne. Yana kuma daɗewa a ƙasa. Gonar da aka yi wa ruwansa da damina ma sai a yi hattara da ita. Tawa shinkafa ce ta fita daga cikinta, don haka ban sami matsala ba. Ciyawa dai da fartanya da hannu muka yi ta. Abin da ya rage wahalar shi ne, da ganyen ya baje ya rufe ƙasa, ciyawar ba ta ƙara samun sararin tasowa ba.

Rana ɗaya aka shuka masara aka ba ta ruwa. Da ta fara huda ƙasa muka shiga dashe, da la'asar, don kada rana ta kwantar da 'ya'yan. Latas layi uku a lungu, an bar kusan santimita 25 tsakaninsa da masara ta kowane gefe. Albasa layi huɗu. Alayyahu kuwa ba a dasa shi ba, watsawa aka yi. Ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai, sai an cuɗa ta da yashi kafin ta bazu daidai, in ba haka ba ta taru wuri guda ta shaƙe kanta. Ban watsa shi gaba ɗaya ba. Na raba lungunansa kashi uku, mako guda tsakanin kowane kashi da na bayansa. Wannan shawarar wata dattijuwa ce mai sarin ganye, wadda ta ce min, "Ɗan nan, in ka kawo min dami hamsin rana ɗaya, ni zan yanka maka farashi. In ka kawo goma-goma, kai za ka yanka min." Ban taɓa jin darasin kasuwa da ya fi wannan gajarta ba.

Ban ruwa ne ya fara nuna min cewa amfani biyu ke gonar. Saiwar latas a sama take, tana son ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Masara ta fi son a ƙosar da ita a bar ta ta nemi ruwa a ƙasa, kuma ƙaramar masara ba ta jure kwanciyar ruwa a gindinta, sai ta yi rawaya. Abin da ya raba gardamar shi ne tsarin kansa: layukan masara suna kan ɗan tudu, fangalin yana ƙasa. Nakan saki ruwa a fangali duk bayan kwana uku ko huɗu, ba mai yawa ba, laimar ta ratsa gefe ta isa masara. Da na gwada man da na ƙona da na shekarar da na shuka masara zalla, bambancin bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa nake tayar da inji, amma ba ya daɗewa yana aiki.

Taki kuma kowa da nasa. Shawarar da ake ba mai masara a yankinmu ita ce buhu takwas na kamfa 15-15-15 a hekta, sannan yuriya kusan buhu biyu da rabi zuwa uku. A kwatan hekta ya zama kamfa buhu biyu, yuriya kashi biyu bisa uku na buhu. Kamfar na sa bayan mako biyu da shuka, ba watsawa ba, binnewa: a huda rami ɗan nesa da gindi, a zuba cikin murfin kwalba, a rufe. Ganyen ya dogara da takin shanu da ɗan abin da ya tsarara masa daga na masara, sai yuriya 'yar kaɗan da na narka a ruwa na ba alayyahu. Ƙwayar yuriya in ta faɗa cikin zuciyar latas sai ta ƙona shi, don haka ban yarda kowa ya watsa taki da hannu a gonar ba.

Wajen tsakiyar Disamba, da sanyi ya kankama, gefen ganyen masarar ya koma shuɗi-shuɗi mai ja. Baffa ya zo ya gani ya girgiza kai, ya ce ga abin da ya faɗa, ganye ya cinye mata abinci. Na kai shi gonar maƙwabcina da ya shuka masara zalla, ita ma haka take. Sanyin ƙasa ne ke hana saiwa jan sinadarin fosfaras, ko da akwai shi. Da rana ta fara ɗumi launin ya washe da kansa. Baffa bai ce komai ba, ya dai tsinki latas ya tafi da shi gida.

Inda na fi shan wuya shi ne tsutsa. Tsutsar nan mai cin masara, wadda ta shigo Nijeriya a 2016 daga nahiyar Amurka, ba ta san rani ko damina ba. Da rani ma ta fi ɓarna, don babu ruwan sama da zai wanke ta, kuma koren da ke fadama kaɗai take gani. Mai masara zalla yakan ɗauki famfo ya yi feshi duk lokacin da ya ga dama. Ni kuwa a ƙarƙashin masarata akwai latas da za a yanka a wanke a ci ɗanye, wataƙila yaro ne zai ci. Duk maganin da na fesa sama, iskar hunturu za ta sauke shi kan ganyen. A nan ne na ga cewa wannan haɗi yana bukatar mutum mai tsoron Allah, don mai saye a kasuwa ba shi da hanyar sanin abin da aka fesa jiya.

Abin da na yi shi ne zagaye da sassafe, ina duba bayan ganye. Malam buɗe littafin da ke haifar da tsutsar yakan ajiye ƙwai a dunƙule, da ɗan gashi-gashi a kansu. In na gani sai in murje da yatsa. Inda na ga ganye ya yi huji-huji ko burbushin kashinta a cikin ƙoƙon masarar, sai in zuba toka da aka gauraya da yashi mai laushi a ciki. Na kuma daka 'ya'yan dogon yaro na jiƙa su kwana, na tace, na ɗiga ruwan a ƙoƙon da gorar roba da aka huda wa murfi. Wannan ba ya kashe manyan da suka riga suka ƙoshi, amma yana hana ƙananan sakewa. Da abin ya so ya fi ƙarfina a wani ɓangare, na sayi magani mai emamektin, amma ban fesa da famfo ba. Da gorar nan na bi gindi-gindi, da yamma bayan iska ta kwanta, lokacin da tsutsar ke fitowa ci, kuma na tsallake lungunan da za a yanka a makon. Kowace kwalbar magani tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin girbi. Na sa ƙanena ya karanta min, na ƙara kwanaki a kai. Aiki ne mai cin rai, bayana ya gaya min. Feshi na sosai sai da ganye ya bar gonar na yi shi.

Alayyahu ne ya fara kawo kuɗi. Da zafi yakan isa cira cikin mako uku zuwa huɗu, da sanyi ya ɗan ƙara. Tun asuba muke tugewa, mu wanke saiwa a bakin kogi, mu ɗaure dami-dami, mu yayyafa ruwa, mu lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Iskar hunturu ba ta da tausayi ga ganye. Wanda aka cira da hantsi, kafin ya kai Gombe, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba, ya yi yaushi ya rasa rabin darajarsa. Wani na kai Kwadon, wani matan da ke sari suka biyo shi har gona, wanda ya fi min sauƙi ko da farashin ya ɗan sauka, don babu kuɗin mota, babu na dako. Kuɗin kashin farko da na karɓa ban kai shi gida ba, gidan mai na wuce na cika jarkoki.

Latas ya zo a kan gaɓa. Yakan yi wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi bayan dashe, kuma sanyi ne abincinsa; in zafi ya same shi sai ya yi tsiri ya yi ɗaci. 'Yan gwari daga cikin gari suka riƙa zuwa suna sayen fangali sukutum, su yanka da kansu. A nan sai mutum ya buɗe ido: wanda ya sayi fangali yakan so ya bar shi a gonarka yana yanka kaɗan-kaɗan, kai kana ba shi ruwa kyauta, masararka tana jira. Na gindaya musu sharaɗi tun wajen ciniki, cewa ranar kaza fangalin zai zama fili, ko an yanka ko ba a yanka ba. Albasar ma ban jira ta yi kai ba, da lawashinta na tuge na sayar, don albasa mai kai tana son wata uku zuwa huɗu cikin rana tsantsa, sannan a ɗauke mata ruwa a ƙarshe, daidai lokacin da masara ke tsananin son ruwa. Ba za su taɓa shiryawa ba.

Farkon Janairu masara ta kai gwiwa, ta fara miƙewa da gaske. Daga nan girmanta ba wasa, kusan kullum sai ka ga canji. Kafin ta kai ƙugu na tabbatar lungunan sun zama fili. Muka binne yuriya, muka ja ƙasar fangalin, wadda ta sha takin shanu da ruɓaɓɓen ganye, muka tara a gindin masara don kada iska ta kwantar da ita. Lungun ya koma hanyar ruwa. Ban ruwa ya koma sau ɗaya a mako, mai yawa.

Layin kabejin da na bari don gwaji shi ya nuna iyakar abin. Kabeji yana son wata biyu da rabi zuwa uku bayan dashe. Ya fara naɗe kai ke nan inuwa ta rufe shi, ya tsaya ƙanana, sako-sako, masarar da ke gefensa kuma ta fi sauran sirancewa. Wani maƙwabci da ya ga nawa ya sa tumatir a tsakanin tasa masarar. Tumatirin ya yi tsawo ya rasa 'ya'ya, ga tsutsar sharon ta same shi, feshin da yake yi mata ya ninka masa kashe kuɗi. A ganina duk abin da zai wuce kwana 45 zuwa 50 a lungun, a nema masa filinsa daban. Karas ma haka, sai dai in za a riga masara shuka shi da makonni.

Da masara ta fara fure da fitar da gemu, sai kwana ya koma gona. Wannan ne lokacin da ƙishin kwana kaɗan ke iya rage amfani fiye da kowane lokaci, don haka ban yi wa inji rowar mai ba, kuma a karon farko ba da kuɗin bashi nake saye ba. Ga kuma gadi. Mu nan ba shanu da ɓarayin goyo kaɗai muke tsaro ba, har da dorina. Mutanen Hinna da ƙauyukan bakin dam sun fi kowa sanin ɓarnarta: ta fito da dare, kafin asuba ta share abin da ka yi wata uku kana wahala a kai. Mukan haɗu mu da maƙwabta mu hura wuta, mu riƙa buga gwangwani da haska tocila. Allah ya tsare, ba ta shigo tawa ba, amma na ga sawunta a bakin ruwa ba sau ɗaya ba.

Ban bar masarar ta bushe ba, sai layuka kaɗan na ci a gida. Kimanin mako uku bayan fitar gemu, in ya yi baƙi ya bushe, ka matsa ƙwaya da farce ta fitar da ruwa fari mai kauri, ta isa gashi. A ƙarshen Fabrairu ɗanyar masara ba ta da yawa a gari, masu gashi a bakin titi da masu dafawa su ke neman ka. Busasshiya kuwa, in ka kai kasuwar Tudun Hatsi a Gombe, da ta damina da ke cike da rumbuna za ta yi gogayya, ga ƙarin makonnin ban ruwa cikin zafi, ga kuɗin ɓarza da buhu. Na karya manyan goyo na sayar da ƙirge, ƙananan na haɗa a buhu. Karan kuma, da yake ɗanye ne shar a lokacin da ciyawa ta ƙare a daji, masu kiwon shanu da tumaki suka saye shi tun yana tsaye, suka yanke da kansu.

Da na zauna da littafina, ga abin da na gani. Masarar ba ta kai ta shekarar da na shuka ta zalla cif-cif ba, ta ɗan ragu, musamman a layukan da ganye ya ɗan jima. Amma kuɗin alayyahu da latas da lawashi sun ɗauke man inji na kakar gaba ɗaya da mafi yawan kuɗin taki, tun masara ba ta yi fure ba. Malamin gonar yana da yadda yake auna irin wannan. Ya ce a ɗauka masara ta ba da kashi tara cikin goma na abin da za ta bayar ita kaɗai, ganye kuma ya ba da rabin abin da zai bayar in shi kaɗai ne a filin; in ka haɗa, ka sami amfanin gona ɗaya da kusan rabi daga gona ɗaya, da ruwan gona ɗaya. Ni abin da ya fi min wannan lissafi daɗi shi ne ranar da dillali ya zo ya taya masarar da arha, na ce masa ya sauka lafiya, don ba ya bi na ko kwabo.

Sai dai ba zan ce kowa ya yi ba. Aikin hannu ya kusa ninkawa: reno, dashe, cirar ciyawa, bin tsutsa gindi-gindi, tashin asuba don kasuwa. Da ba ni da ƙanne biyu a gida, da kuɗin ƙwadago ya cinye rabin ribar. Mai hekta biyar da ke aiki da tarakta da maganin ciyawa, wannan ba tsarinsa ba ne, sai dai ya ware wani yanki kusa da ruwa. Wanda gonarsa ke nesa da titi ma ya yi tunani, don ganye ba hatsi ba ne da za a ajiye a jira farashi.

Bana na ƙara lungunan latas na rage na alayyahu, don alayyahu ya fi son ɗumi, kashin ƙarshe da na watsa cikin tsananin sanyi bai yi kauri ba. Kabeji na mayar da shi can ƙarshen gona inda ba inuwa. Renon latas na raba shi biyu, tsakaninsu kwana goma. Baffa kuma ya aiko a karɓar masa igiyar da karan awon nan biyu, wai zai gwada a gefen gonarsa ta wajen Hinna.